Ga Hajiyar Madina mai tambayar manyan tayil a ƙaramin banɗaki

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a gyaran da ake yi. Na karanta tambayarki: banɗakinki faɗinsa santimita 130, tsawonsa 190, ranki ya kwanta da tayil ɗin nan mai 60 da 120, amma 'yan'uwa suna ta cewa babban tayil ba na ƙaramin ɗaki ba ne, shi kuma mai aikin ya ce ki dai sayo, zai fara daga kusurwa ya zagayo. Ni sa tayil ce sana'ata tun ina saurayi a unguwar Nima a Accra, don haka bari in ɗan ja maganar.

Batun 'yan'uwan nan ki bar shi. Babban tayil ma ya fi yi wa ƙaramin banɗaki kyau, layukan haɗi sun ragu, wurin da dauɗa da kumfar sabulu za su maƙale ya ragu, ido kuma ya ga wurin ya buɗe. Maganar mai aikin ce ta tayar mini da hankali, don na taɓa yin wannan ganganci da hannuna.

Wani aiki ne a Maamobi, lokacin manyan tayil ɗin sun fara shigowa hannunmu. Na fara daga kusurwar hagu kamar yadda muka saba da ƙananan, ina ta sauri maigidan zai dawo daga tafiya. Da na iso ɗaya kusurwar sai ga wani siririn yanki da bai kai faɗin tafin hannu ba, tun daga ƙasa har sama, kuma daidai bangon da mutum yake fara gani in ya turo ƙofa. Maigidan ya shigo, ya tsaya, ya dubi yankin nan, ya dube ni, bai ce uffan ba. Da kuɗin aljihuna na ɓamɓare bangon. Tun ranar ban ƙara kwaɓa gam ba sai na zana bango da alli.

Ga lissafin naki bangon, in an sa tayil ɗin a tsaye, faɗinsa 60. Mai 130 ɗin, in aka fara daga kusurwa, tayil biyu sun cinye 120, saura 10, wato irin tsiyar da ta same ni. In aka sa tayil guda a tsakiyar bango cif, sai a samu 35 a dama, 35 a hagu, ido ya huta. To amma kada a ɗauki wannan dabarar a kai wa bango mai 190, can in tayil ya zauna a tsakiya za a ƙare da 5 a kowane gefe, abin da ko yanka shi ba ya yiwuwa ba tare da ya tsage ba. A wancan bangon layin haɗi ne zai zauna a tsakiya, tayil ɗaya kowane gefe, sannan 35 da 35. Kin ga duk kusurwoyin sun zo daidai da juna. Ni dokata ita ce kada wani yanki ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tayil, in kuma dole sai an samu, a tura shi bayan ƙofa.

Awon kuma sai bayan an gama filasta za a yi shi, kuma a wuri uku: ƙasa, tsakiya, sama. Gidajenmu na zango da wuya ki samu bangon da ya miƙe sak, santimita biyu ko uku tsakanin sama da ƙasa ba abin mamaki ba ne. Ƙaramin tayil yana bin bango yadda ya ga dama, babba ba ya lanƙwasa wa kowa. A ɗora doguwar sandar alminiyum mai mita biyu a jikin bangon, in ratar ta wuce milimita uku a gyara filasta tukuna.

Ta tsaye kuma, ba daga daɓe ake farawa ba, tunda daɓen banɗaki da gangara ake yinsa don ruwa ya bi magudana. Ana nemo inda ya fi ƙasa, a auna tsawon tayil ɗaya daga nan, a zagaya ɗakin da layi madaidaici, ko da tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke amfani da shi. Sauran na layin ƙasa sai a riƙa rage musu gindi su bi gangarar.

Yanzu inda aka fi yin asara, wato famfo. Tun ran gini tun ran zane. Ki haɗa mai famfo da mai tayil su tsaya tare a gaban zanen allin kafin a binne bututu. Bakin shawa, da famfon ƙasa na cika bokiti da buta (wanda a Accra ba a raina shi, kowa ya san ranakun da ruwa ba ya hawa sama sai wankan bokiti), kowanne ya faɗo ko a tsakiyar tayil ko a kan layin haɗi sosai. In rami ya zo santimita biyu daga bakin tayil, to wannan tayil ɗin sai dai haƙuri, zai tsage ko yau ko bayan wata shida. Matsar da bututu taƙi ɗaya kafin filasta aikin minti goma ne. Haka ma ramin ajiye sabulu in kina so, a daidaita bakinsa da layin haɗi. Kuma ki tambayi mai aikin ko yana da bakin huda zagayayye mai lu'ulu'u. In ya ce da injin yanka zai sassaƙe rami mai kusurwa huɗu, ki yi tunani.

Wajen saye kada ki yarda da lissafin murabba'in mita kaɗai. In an kai tayil tsawon 240, bangonki bayan cire ƙofa bai cika mita 14 ba, kowane tayil kuma 0.72 ne, mai shago zai ce miki 19 ko 20 sun isa. Amma ki ƙirga a zanen: duk inda aka yanki 35, ragowar 25 ba ta da wurin zama sai ɗan gefen ƙofa ko taga. Za ki ga kin doshi tayil 25. Ki ƙara kwali ɗaya, galibi biyu ne a ciki, ki ajiye a ƙarƙashin gado. Ki duba lambar launi da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, don ko kamfani ɗaya ne, gashin yau da na wata mai zuwa ba sa zama launi guda, kuma a ƙarƙashin fitilar banɗaki bambancin yake tona kansa. Shagunan titin Spintex akwai na Sifen da Italiya da Sin, akwai kuma na gida da ake yi wajen Takoradi irin na Twyford. Na gidan ya fi sauƙin samu in an buƙaci ƙari.

A shagon ki sa a haɗa miki tayil biyu fuska da fuska ki leƙa ta gefe. Yawancin dogayen suna da ɗan doro a tsakiya. Shi ya sa ba na yarda a jera su irin jerin bulo, rabi kan rabi, sai bakin wani ya taso a kan wani, yatsa na ji, haske na nunawa. A jera su layi kan layi kawai, da ratar milimita biyu da maƙalan daidaita baki.

Sai tsohuwar al'adarmu ta jiƙa tayil a durom a manna da dunƙulen siminti biyar a baya. Wannan ta yi wa tayil ɗin da, mai shan ruwa. Fosilin, wato irin wannan babban tayil ɗin, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, siminti zalla ba ya kama shi, ga nauyi kusan kilo 15 a tsaye a kan mai wanka. Gam ɗin tayil za a saya, wanda aka rubuta C2 a buhunsa, a shafa a bango da cokali mai haƙora na milimita 10 ko 12, a kuma shafe bayan tayil ɗin. Kusurwoyi da silikon ake cikewa, kuma kafin komai a shafa maganin hana ruwa a wajen shawa, musamman in bayan bangon ɗakin kwana ne.

Ki sa a zana bangon huɗun da alli, da alamar kowane famfo, ki ɗauki hoto ki turo nan. In na sauka daga aiki bayan isha zan duba miki in sha Allah.