Bakina yana waƙa, zuciyata ba ta nan

TAMBAYA: Mama, gaisuwa a cikin sunan Yesu. Shekarata 19 da yin baftisma. Ba na fashin sujada, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina kuma fitar da zakkata kowane wata. Amma kusan shekara biyu ke nan zuciyata ta bushe. Ina rera waƙa hankalina yana wani wuri, ina cin Jibin Ubangiji ba na jin komai. Ran nan fasto ya karanta Ishaya 29:13, inda Ubangiji ya ce mutanen nan da baki suke girmama shi amma zuciyarsu tana nesa, sai na ji kamar da ni ake. Ni munafuka ce? In dakata da zuwa coci har zuciyata ta dawo?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kada ki dakata. Na fara da wannan ne domin shi ya fi gaggawa.

Wanda addininsa ya zama al'ada zalla ba ya rasa barci a kan haka. Dubi Bafarisiyen nan na Luka 18. Azumi sau biyu a mako, zakka daga duk abin da ya samu, ya miƙe a Haikali yana yi wa Allah lissafi, hankalinsa kwance. Mai karɓar haraji kuwa ya raɓe can nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, kuma shi Yesu ya ce ya koma gida baratacce. Muryar wannan na biyun na ji a wasiƙarki.

Ayar da ta soke ki, Yesu da kansa ya ɗauko ta a Markus 7. Ki karanta gaba kaɗan ki ga laifin da ya kama Farisiyawa da malaman Attaura da shi. Zancen Korban ya kawo: mutum ya ce wa mahaifinsa da mahaifiyarsa abin da zai taimake su da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya wanke hannunsa, tsofaffi su ji da kansu. An mai da ibada labulen ɓuya daga umarnin Allah. Haka yake a Amos 5, inda Ubangiji ya ce ya ƙi bukukuwan idin Isra'ilawa, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, a bar adalci ya gudana kamar ruwa. A Littafi Mai Tsarki, zuciya ita ce inda mutum yake yanke shawara, yake zaɓar wanda zai bi. Tana iya yin nesa da Allah alhali hawaye na zuba a wurin sujada, tana kuma iya manne masa alhali ido a bushe.

Maimaita abu kuwa ba shi ne cutar ba. Luka 4:16 ya ce Yesu ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Daniyel yakan durƙusa sau uku a rana, bai fasa ba har aka jefa shi ramin zakoki. Jibin ma Yesu ne ya ce a riƙa yi domin tunawa da shi.

Ni ma na bi ta hanyar nan. Akwai lokacin da nakan karanta Addu'ar Ubangiji da safe in kai "Amin" ban san na fara ba. Wata rana na ƙudura zan faɗe ta a hankali, ba zan wuce layi ba sai na tabbata da gaske nake. Na zo wurin da muke roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai harshena ya yi nauyi. Ƙanwata ce ta faɗo mini a rai. Wata 14 ba mu yi magana ba, lambarta tana cikin wayata, kullum ina tsallake ta. Na zauna bakin gado riƙe da wayar, hannuna yana rawa, kafin na iya kira. Ban ji wani farin ciki a ranar ba, amma daga nan addu'ar ta daina zame mini a baki. Ban ce ke ma kina riƙe da wani ba. Wani lokaci gajiya ce, ko baƙin ciki, ko rashin lafiya, kuma idan kin ga har barci da sha'awar rayuwa sun tafi, ki ga likita ba tare da jin kunya ba. Amma ki bincika, kamar yadda 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Ki lura, ya ci aka ce.

John Wesley, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Methodist, ya yi wajen shekara 10 yana limamin coci, har Amurka ya je aikin bishara, ya dawo Ingila ba shi da tabbacin cetonsa. Ran 24 ga Mayu 1738 ya tafi wani taron addu'a a titin Aldersgate a Landan, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ba da son ransa ya je ba. Ana karanta gabatarwar Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya na Jamus, a kan wasiƙar Romawa, wajen ƙarfe tara saura kwata na dare, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya amince Almasihu ya ɗauke zunubansa. Da ya zauna a gida yana jiran zuciya ta dawo, da karatun nan ya wuce shi.

Ran Lahadi ki je. Kafin a fara waƙa, ki faɗa wa Allah abin da kika faɗa mini, ba ado ba kwaskwarima. Idan kalmomi sun ƙi zuwa, ki ari na mahaifin nan da ya kawo ɗansa wurin Yesu domin ya warkar da shi a Markus 9:24, wanda ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ki samu wata dattijuwa mai riƙe amana a ikilisiyarku ku riƙa addu'a tare. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ina son jin yadda kike. Na sa ki cikin addu'ata tun daren da na karanta wasiƙarki.