Na rasa mahaifina da aikina a shekara guda, ta ina zan faro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 34. A cikin wata bakwai mahaifina ya rasu, sannan wurin da nake aiki ya rufe, aka sallame mu gaba ɗaya. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini, na daina ɗaga wayar abokai, kuma idan gari ya waye sai in rasa dalilin tashi. 'Yan'uwa suna cewa rashin tawakkali ne ke damuna. Shin gaskiyarsu ne, kuma yaya zan yi in farfaɗo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya musanya maka da aikin da ya fi alheri.

Ban yarda da fassarar 'yan'uwanka ba, ko da yake na san ƙauna ce ta sa suka faɗi haka. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ɗin ne dai ya gargaɗi 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah (SAW), wadda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib a cikinta, har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Saboda haka ka sauke wannan zargin daga kanka, nauyin da kake ɗauke da shi ya isa.

Alamomin da ka lissafa suna kama da na ciwon damuwa, wanda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 280 ke fama da shi. Likitoci sukan yi zargin ciwon idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya lizimci mutum kusan kullum har mako 2, kai kuwa ka shafe watanni. Ka je likita ya duba ka. Ana warkewa ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa, ko shan magani, ko haɗa biyun. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji tasirinsa, don haka kada ka yanke shi da kanka.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne maganar rasa dalilin tashi. Mai irin halinka yakan zauna yana jiran ranar da ƙwarin gwiwa zai dawo kafin ya motsa, alhali a wannan ciwon motsin ne ke fara zuwa, sha'awar ta biyo baya sannu a hankali. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya ko da daren ya yi maka tsawo, ka fita ka taka cikin hasken safiya, sannan ka ɗauki wani ƙaramin abu da wani ya dogara da kai a kansa, kamar duba mahaifiyarka idan tana raye ko taya ƙaninka karatu. Mutumin da aka raba da aikinsa ba albashi kaɗai ya rasa ba, ya rasa jin cewa ana buƙatarsa, kuma wannan jin ba sai an samu sabon aiki yake dawowa ba.

Cikin abokan da ka daina ɗaga wayarsu, ka zaɓi wanda ya fi riƙe sirri ka faɗa masa abin da ka rubuto mini. Idan kuma tunanin hallaka kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka bari ya kwana a ranka kai kaɗai. Ka sanar da wani na kusa, ya raka ka asibiti a ranar.