Ba coci, ba Lahadi: amsa ga wata 'yarmu a Riyad

Wasiƙar wannan makon daga Riyad ta zo, daga wata 'yar Tafawa Ɓalewa da ke aikin gida, wato shagala a bakin mutanen can. Ta ce wata 14 ke nan rabonta da sujada. Madam ba ta son ganin waya a hannunta da rana, da dare kuwa kafin ta kai aya ta uku barci ya sace ta. Duk Lahadi mahaifiyarta na tambayarta ko tana karanta Littafi Mai Tsarki, ita kuma sai ta amsa da e, alhali ba ta yi. Tambayarta: ta haƙura sai kwantiragi ya ƙare, ko da dabara?

'Yata, sannu da aiki, sannu da kewa. Kada ki ce sai kin dawo. Na san masu kwantiragin shekara 2 da suka sabunta har sau uku saboda kuɗin makarantar ƙanne, suka dawo ko addu'ar cin abinci sai sun yi lalube.

Lokacin da kika zaɓa ne ya cuce ki. Wanda ya wuni a tsaye, ya gama wanke-wanke ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba zai yi karatu a kwance ba ko da fasto ne. Ki mai da shi asuba. Kina ƙasar da ba kya bukatar agogo, ladan zai tashe ki ko kin so ko ba ki so ba. Mutanen gidan da kike sun ɗaure yininsu a kan lokuta biyar, ba sa jira sai sun sami sarari, kuma wannan abin koyi ne. Da an kira salla ki tashi zaune, ki wanke fuska, minti goma kafin ki ɗora shayi. A zaune na ce, ba cikin bargo ba. Daniyel ma ma'aikaci ne a ƙasar da ba tasa ba, kuma sura 6 aya 10 ta ce sau uku yake durƙusawa kowace rana, kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi.

Kada ki ɗauko daga Farawa da niyyar saukewa, a Littafin Firistoci za ki maƙale. Fara da Markus. Sura 16 ne, rabin sura a rana ya kai ki wata guda da 'yan kwanaki. Daga nan Filibiyawa, sura 4 kacal, wadda Bulus ya rubuta yana tsare. Ranar da madam ta ɓata miki rai, ki buɗe Farawa 39 ki ga Yusufu a gidan Fotifar, ko 2 Sarakuna 5, labarin yarinyar nan 'yar Isra'ila da ke yi wa matar Na'aman hidima, wadda ko sunanta ba a rubuta ba. Kowace safiya ki kwafe aya ɗaya a 'yar takarda ki sa a aljihu, ki riƙa nanata ta a zuci kina guga. Manhajar YouVersion tana da fassarar Hausa, ki sauke ta lokacin da kika sami intanet don ta yi aiki ko babu data.

Sai dai Daniyel tagarsa a buɗe take, ke kuwa ki bar taki a rufe. Babu coci a Saudiyya, ibadar wanda ba Musulmi ba a fili haramun ce a doka, haka ma wa'azi. Hukuma ta sha faɗin cewa ba ta hana mutum ibadarsa a ɗakinsa, to ki tsaya nan. Kada ki tura wa madam ko 'ya'yanta aya, kada ki shiga gardamar addini a kicin. In wasu suka gayyace ki taron addu'a a wani gida, ki sani an sha kama mutane a irin wannan taro a kore su daga ƙasar. Wadda igamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare kuwa, ko kusa kada ta je. Tun da zancen ya zo, duba ranar ƙarewar taki, ki tuna wa kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, wata biyu kafin lokaci, don sabuntawa a wuyansa take. Dokar ma'aikatan gida ta ba ki hutun yini ɗaya a mako, kuma ba ta ba shi ikon riƙe fasfonki ba. Ki nemi hutun cikin ladabi, ki ajiye hoton kwantiraginki na Musaned, shafin gwamnatin Saudiyya na ɗaukar ma'aikatan gida, a waya.

Maganar Mama ta fi damuna. Ki faɗa mata gaskiya a kira na gaba. Za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, amma ba za ta kashe wayar ba. Lahadi ranar aiki ce a can, hutun mako Juma'a da Asabar ne, kuma Riyad na gaban Nijeriya da awa 2. To ku tsai da yammacin Juma'a: ƙarfe shida a wurinki, huɗu a wurinta. Ku ajiye zancen kuɗin taki da na asibiti sai ƙarshe. Ki karanta mata abin da kika karanta a makon, ita ta rera miki waƙa ɗaya, ku yi addu'a. Ki roƙi ƙanenki ya riƙa ɗaukar wa'azin Lahadi ya turo ta WhatsApp, matan Zumunta ma in suka ji ba za su bar ki haka ba.

Da azumi ya kama, duk wannan tsari zai birkice, don gidan ba ya kwanciya sai bayan sahur. A watan, ki mai da karatun hantsi, lokacin da kowa ke barci, kafin a fara yanka albasar buɗa-baki.