Daga digirin injiniya zuwa sashen sayo kaya

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin injiniya amma hankalinka ya karkata ga aikin sayo wa kamfani kaya, kana fargabar kada wahalar karatunka ta tashi a banza. Ta wannan hanya na biyo. Injiniyan injuna na karanta, yau shekara 9 ke nan ina sashen sayayya, kuma kullum da karatun nan nake cin abinci.

Abin da ya fara ɗaga ni shi ne iya karanta zanen inji da takardar bayanin kaya. An taɓa kawo mana tayin famfo daga kamfanoni uku, kowa ya raja'a ga mafi sauƙin kuɗi. Da na duba sai na ga ƙarfen jikinsa ba zai jure sinadarin da za a riƙa turawa ba, tsatsa za ta cinye shi. Araha ba ta ado. Kuɗin saye ɗaya ne cikin lissafi; akwai wutar da inji zai sha, da kayan gyara, da asarar ranar da ya tsaya aiki ya tsaya. Injiniya ne ke hango wannan tun daga takarda, kuma mai kawo kaya kan shiga taitayinsa idan ya gane ka san abin da kake saye.

Inda na sha wuya shi ne kwangila da ciniki, don ba a koya mana su a jami'a ba. Na daɗe ina zaton idan aka sayi kaya daga ƙasar waje bisa sharaɗin ciniki da ake kira CIF, mai sayarwa ne ke ɗauke da hasara har kaya su iso. Ashe a ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa, wato Incoterms na 2020, kuɗin jirgi da inshora kawai yake biya, alhakin lalacewar kaya yana dawowa kanka da zarar an loda su a jirgin ruwa, kamar dai a sharaɗin FOB, wanda a cikinsa mai saye ke biyan kuɗin jirgi. Ka zauna ka karanci waɗannan da kyau, ka riƙa bin ƙwararru ɗakin ciniki kana saurare.

Batun takardar shaida, ta CIPS, cibiyar ƙwararru kan sayayya ta Birtaniya, na yi: mataki na 4, na 5, na 6, sannan da ƙwarewar aiki ka zama MCIPS, wato cikakken mamban cibiyar. A Amurka akwai makamanciyarta, CPSM, ta cibiyar masu sayayya da ake kira ISM. Ana yin su ana aiki, kada ka zauna jiransu. Ka ƙware a Excel, ka san SAP, manhajar da kamfanoni ke gudanar da sayayya da lissafinsu a kanta, ko da sama-sama.

Sai amana, wadda nake jin tsoron ta fiye da komai. Za a kawo maka "kyauta" ana dariya. Ranar da ka karɓa, bakinka ya mutu a gaban wannan ɗan kwangilar.

Shawarata, ka nemi gurbin mai sayo kayan gyara a masana'anta, ko kamfanin gine-gine ko na makamashi. Idan kuma kana aikin injiniya yanzu, ka roƙi a sa ka cikin kwamitin tantance tayi, ta nan ni ma aka fara sanina.