Amsa: Ƙungiyar da ke neman kuɗin fom ɗin mafaka

Malam, ka tambaya ko ka biya kuɗin fom da wata ƙungiya ta nema a Facebook don kai ƙaninka Turai neman mafaka. Kada ka tura ko sisi. UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ba ta karɓar kuɗi a hannun ɗan gudun hijira, da gudummawar gwamnatoci da masu hali take aiki. Kuma yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa ta shafa. Wanda ya baro Gwoza ya zauna nan Gombe yana gida Najeriya, don haka ba ta shafe shi ba.

Maƙwabcina a Bolari ya tura nasa, washegari shafin ya yi ɓatan dabo. Ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka tambayi wa ke ba su kuɗi. In suka fara kame-kame, ka toshe su.