Tsohuwar azurfa: yadda za ki gane ta gaske kafin ki sayar

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata ta rasu ta bar mini mundaye biyu masu nauyi, da abin wuya irin na Agadas, da cokula shida da butar shayi da aka ce kakanmu ya samo wurin Turawa. Wani dillali ya ce zai ɗora duka a sikeli ya biya ni kuɗin nauyinsu. Yaya zan gane ko azurfa ce ta gaske, kuma in sayar ko in riƙe? Ni ma ina sha'awar fara tara irinsu. Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Kada ki bari a haɗa kayan nan a sikeli ɗaya. Mai saye da nauyi narkarwa zai yi, kuma a tsohon kaya sau da yawa aikin hannun maƙeri ya fi ƙarfen daraja.

Kayan Turawan sun fi sauƙin ganewa, domin suna da hatimi. Juya cokalin ki duba bayan mariƙinsa a wuri mai haske, butar kuma ki duba gindinta. In na Ingila ne, nemi ɗan hoton zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Wannan ke nuna kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Kusa da shi akwai alamar garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan, anka ta jirgin ruwa kuma ta Birmingham, sai harafi guda da ke nuna shekara. Na Faransa, wanda ya fi yawa a wajenku, tun 1838 ake buga masa kan wata mace mai hular yaƙi. Idan kuwa kika ga EPNS, to shafen azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfe, kuma za ki ga inda hannu ya ci ya soma yin rawaya-rawaya. A ajiye shi don tunawa da kaka, amma ba shi da kuɗin kirki.

Mundaye da abin wuyan ne suka fi ɗaukar hankalina. Maƙeranmu na fari da na Buzaye ba sa buga hatimin gwamnati, kuma a da yawancin azurfarsu daga tsabar kuɗi suke narko ta. Babba a ciki ita ce dalar Mariya Tereza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda kashi 833 cikin 1000 nata azurfa ce. In wani ya nuna miki ita yana cewa ga 1780 a jiki, kada shekarar ta ruɗe ki. An ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu. Narka irin wannan dalar ne ya sa tsohuwar munduwa ba ta cika kai 925 ba, kuma wannan ba aibu ba ne. Shi abin wuyan Agadas da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a ƙona kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a zana ado da hannu. Duba ramin da zare ke shiga. Wanda aka daɗe ana ratayawa, ramin ya siɗe ya yi sumul, zanen ma ya ɗan dushe a inda yake gogar ƙirji. Sabon da aka baƙanta don a ce tsoho ne, gefensa na nan da kaifi.

A gida za ki iya kanga maganaɗisu. In ya kama, ba azurfa ba ce. Sai dai rashin kamawa bai isa shaida ba, don akwai farin ƙarfen da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, shi ma ba ya kamawa. Gwajin da za a dogara da shi na maƙerin fari ne: ya goga gefen da ba a gani a kan dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan gwaji. Ki kai wa wanda ba shi ne zai saya ba.

Ina roƙon ki kada ki dirje su da toka ko yashi. Baƙin da ya kwanta cikin zanen shi ke fito da adon, masu tarawa kuma suna neman sa. Ƙyalle mai laushi ya wadatar, a naɗe su a ajiye inda babu laima.

Cokulan da butar, in sun tabbata azurfa ce, ki tuna hadisi ya hana ci da sha a cikinsu. Hukuncin ajiye su da na zakka, wadda nisabinta a azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, ki tambayi malaminku. Ni dai da zan ba ki shawara, sai in ce ki riƙe mundayen da abin wuyan, su zama farkon abin da za ki tara. Ki rubuta sunan kaka da garin da ta same su a takarda ki haɗa da su, tun dattawan gidan da suka san labarin suna raye.