Mai 'yar sandar da ba ya busa komai

Jiya bayan gwaji ka tare ni a zaure, ka nuna mini bidiyo a waya, ka ce: "Maigida, wannan mai baƙar kwat da ke kaɗa 'yar sanda gaban makaɗa, ba busa ba kiɗa, kuɗin me yake ci? Ni ma ai zan iya." Zauna, yarona.

Ka je ƙofar fada a Birni ka duba masu algaita da ganga. Ba su da yawa, tare suka tashi, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, ido kawai babbansu zai ɗaga a sauya take. Amma tara mutum 80 ko 100 wuri guda, na baya ba ya jin na gaba a kan kari. Dole a samu hannu guda da kowa zai kalla. Hannun dama ke ba da lokaci, hagu ke cewa a sassauta, a ƙara, ko kai shigo yanzu.

Wannan ma kaɗan ne daga aikin. Kafin ranar wasa ya yi makonni yana duƙe kan takardar da ta haɗa layin kowane makaɗi, har ya riƙa jin kiɗan a kansa ba tare da an busa ba. A wurin gwaji, cikin mutum ɗari, zai tsayar da kowa ya ce mai algaitar Turawa na biyu sautinsa ya sauka da kaɗan. Kai kuwa, shekaranjiya begilarka ta karkace, ba ka ji ba sai da na harare ka.

Opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, ta fi wuya. Makaɗa suna rami ƙasan dandali, mawaƙa suna sama suna yawo, in kai ne mai sandar, wani ma ya juya maka baya. In mawaƙiya ta ja numfashi, kai za ka jira ta da mutanenka duka. Shi ya sa da yawan masu sandar suka fara da kaɗa wa mawaƙa fiyano a ɗakin gwaji, shekara da shekaru, ba mai tafa musu.

Toskanini na Italiya, shahararren mai sandar, da farko babban goge yake ja. A 1886, a Riyo ta ƙasar Birazil, jama'a suka ƙi mai jagorancin, aka miƙa masa sanda yana ɗan shekara 19, ya jagoranci operar Aida ta mawallafin kiɗa Verdi daga farko har ƙarshe da ka. Ya riga ya haddace ta tun yana zaune cikin makaɗa. Sandar ma da can doguwa ce, ƙasa ake bugawa da ita. Lulli, makaɗin fadar Faransa, da ita ya daki yatsan ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1687.

Gobe bayan la'asar ka zo da begilarka. Za ka zauna kusa da mai babbar ganga, ba ka busa ko sau ɗaya, in mun gama ka faɗa mini wa ya riga shiga.